Hatimin Sodangi da Buhunan Mawashi

A tashar Kankiya in ka tambayi inda Sodangi yake, ba a nuna maka da hannu, sai dai a ce ka yi shiru ka saurara. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da murya wadda ke riga mota isa Kusada. Ya daɗe yana kamasho, yana kiran fasinjan Katsina, amma a bakinsa babu aikin da bai taɓa yi ba. Ya tuƙa tanka, ya gyara wa likita riƙon allura, kuma shi ya nuna wa injiniyan titin Kano inda zai sa kwalbati. Mutanen tasha sun daina musa masa tuntuni, don musu da Sodangi yi wa wuta fifita ne.

Gwiwar Alhaji Ummaru ce ta jawo komai. Alhaji Ummaru shi ne shugaban ƙungiyar manoman Kunduru, kuma bayan an sake buɗe boda ƙungiyar ta samu mai sayen dankali a Maraɗi, mota guda cur. Sai aka gayyace shi bita a Katsina, inda ake koya wa masu fitar da kaya abin da doka ta yarda ya ƙetare da abin da ta hana. Ranar tafiya sanyin ƙashi ya riƙe shi. Ya ɗingiso tasha neman wanda zai je ya saurara masa, tsautsayi ya haɗa shi da Sodangi, wanda ya ce ai shi harkar boda a tafin hannunsa take.

Ya isa Katsina an yi nisa da bitar. Ya ci shinkafa da kaza, sanyin ɗakin taro ya ratsa shi, ya shiga gyangyaɗi. Tsakanin wannan gyangyaɗi da wancan kunnensa ya tsinci 'yan abubuwa: ba a fitar da masara, ba a fitar da ɗanyar fata, haka tsoffin ƙarafa da kayan tarihi da namun daji, taki kuma sai da izini. Can wani mai tabarau ya yi bayanin kaya masu amfani biyu, wato abin da ake aikin alheri da shi amma mugu na iya juya shi ya yi ɓarna. Wannan ta shiga kan Sodangi ta yi zaman dirshan. Ya dawo Kankiya da hula mai baki, da jaka, da kati mai igiya rataye a wuya.

Alhaji Ummaru na da wani ɗan shago a bakin tasha da yake ajiye buhuna. Sodangi ya same shi ya ce in aka ba shi shagon nan ya buɗe ofis, zai tantance motar dankali tantancewar da za ta tafi har Maraɗi ba wanda ya kwance mata igiya. Alhaji ya dube shi, ya dubi katin, ya yi irin tunanin da mai ciwon gwiwa ke yi in yana son a rabu da shi ya zauna.

Ya ce, “Motar nan ta ƙetare ba a taɓa ta ba, shago naka ne, kai ne wakilin ƙungiya. In aka sauke ko buhu guda, ka miƙo mani makullina ka koma kiran Katsina-Katsina.”

Sodangi ya ce a rubuta wannan a dutse.

Kafin mako ya zagayo an shafa wa shago shuɗin fenti. Ya aika Kano aka sassaƙo masa hatimi kusan faɗin faifai, mai cewa AN TANTANCE, da sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya ari lasifikar mai tallan maganin basir. Ya daina amsa gaisuwar 'yan kamasho da baki, sai da gira. A gida kuwa matarsa Murja ta sha bayani har ta ƙoshi. Ya ce mata muciya ma kaya ce mai amfani biyu, ta ce ta sani, in bai matsa daga bakin murhu ba za ta nuna masa na biyun.

Aka sa ranar lodi ta dace da ranar kasuwa, don Sodangi ya ce aikin gwani ba a yin sa a ɓoye. Tun da hantsi aka gama ɗora dankali, direba Dawuda ya ɗaure tamfol, ya ce in an tashi yanzu za a yi la'asar a Maraɗi. Amma a ƙasar nan mota ba ta tafiya Maraɗi da kayanta kaɗai. Wa ba shi da ɗiya ko ƙane ko kawu a can? Labari ya riga ya zaga ƙauyuka, sai ga mutane da sallahu, kowa da ƙunshinsa, kowa na cewa ɗan abu ne ba nauyi. Da can Dawuda kan karɓa ya cusa a lungu a wuce wurin. Ranar nan Sodangi ya fito da tebur ya gindaya tsakanin jama'a da mota, ya ce ko allura ba ta hawa sai ta bi ta ƙarƙashin hatimi.

Wanda ya fara gabatowa Prosper ne, mai shagon kayan girki da ke jikin nasa, mutumin kudu da ya yi shekaru a Kankiya har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari kaifi. Ya kawo tukwanen dalma sababbi fil, ƙirar Kano, wani abokin cinikinsa ke so. Sodangi ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya kara a kunne, ya tambaya da me ake ƙera su. Prosper ya ce kowa ya sani, tsoffin gwangwanaye da tarkacen inji ake narkawa. Sodangi ya ɗaga lasifika ya sanar wa kasuwa cewa an kama tsoffin ƙarafa, kuma mai su ya amsa da bakinsa.

Prosper ya ce, “Oga, tukunya ce. Sabuwa. Ko ruwa ba ta taɓa gani ba.”

“Asali ba ya ɓuya. Jiya bola ce.”

“To kai ma jiya kamasho ne, mu kira ka da wanne?”

Tasha ta ɗauki dariya. Sodangi ya yi kamar da wani ake, ya sa aka jibge tukwanen gefe guda, ya ce nan ne wurin haramtattu.

Sai Hawwa'u, Bafillatanar da ke kawo nono tasha tun Sodangi bai fara gemu ba. Ta zo da wata ƙwarya mai zane, ta yi baƙi don tsufa, cike da man shanu, za a kai wa ɗiyarta da ke aure a bayan Maraɗi. Sodangi ya juya ƙwaryar, ya tambayi shekarunta. Hawwa'u ta ce ta kakarta ce. Ya ce shi ke nan, kayan tarihi ne, dukiyar ƙasa, ba su fita. Man shanun na iya tafiya, amma ban da ƙwaryar. Ta tambaye shi ko a aljihunsa za a zuba man. Ta ce kuma ita kanta ta kusa kai ƙwaryar tsufa, ya buga mata hatimin a goshi ta san matsayinta. Ya ce in za ta ƙetare ita ma sai ya duba. Ta ce masa Kaɗo dai Kaɗo ne ko ya rataya kati, ta koma gefe ta zauna, don ta ga alamar yau akwai kallo.

Wani dattijo ya miƙo gwangwani, yajin jego ne na jikarsa da ta haihu. Sodangi ya ce gari irin wannan sai an gwada. Ya buɗe, ya cusa hanci, ya ja numfashi irin na mai shaƙar turare. Abin da ya biyo baya sai da ya tsayar da ciniki a layin masu goro. Ya yi atishawa har hular ta faɗa cikin man Hawwa'u, idanu suka kaɗa, hawaye da majina suka haɗu a gemu. Da ya samu magana, ya nuna gwangwanin da yatsa, ya ce jama'a su shaida da idonsu, wannan shi ne kaya mai amfani biyu: a miya abinci ne, a ido makami. Dattijon ya ce shi a shekarunsa bai taɓa ganin wanda ya ci yaji ta hanci ba, amma ilimi kogi ne.

Rana ta fara zafi. Dawuda ya zo ya raɗa masa cewa dankali ba ya son tamfol da rana, a yi a sallame su. Sodangi ya ce direba sitiyari ya sani, ba doka ba.

Wani mutumin Kusada ya ajiye akurki da zabi a ciki. Sodangi ya zagaye shi, ya ce zabo ai ɗan daji ne, kowa ya san ko a gida ya tashi ransa na dawa. Mutumin ya rantse kazarsa ce ta ƙyanƙyashe su, a tsakar gida suka girma. Sodangi ya ce akwai gwaji mai sauƙi da aka koya musu a Katsina: a buɗe ƙofa, na gida zai tsaya, na daji zai gudu. Kafin mai su ya ce uffan ya zare sakata. Zabi suka fito kamar an harbo su. Ɗaya ya bi ta kan mai shayi, biyu suka haye rufin masallacin tasha, saura suka ƙetare titi suka nufi gonaki suna kuka. Sodangi ya kaɗe hannu ya ce gwaji ya tabbatar, duka na daji ne, kuma mutumin ya gode Allah an raba shi da laifi. Sai da mutum uku suka riƙe Bakusaden.

Wani da ya samu haka zai ce ya isa. Sodangi kuwa sai yanzu jininsa ya ɗumama. Ya ɗaga gefen tamfol ya leƙa, sai idonsa ya faɗa kan rubutun da ke jikin buhunan dankali. Buhunan taki ne. Manomin Kunduru ba ya sayen sabon buhu alhali ga na takin bara a rataye a rumbu, haka ake yi tun da aka fara taki. Sodangi ya san wannan sarai, shi ma geronsa a irin buhun yake. Amma ya ce a Katsina an ce taki sai da izini, kuma shi ba zai buga hatiminsa a kan buhun da ke cewa taki ba sai ya ga cikinsa. A sauke.

Alhaji Ummaru, da ke zaune kan benci ya miƙe ƙafa, ya ce dankali ne, shi ya tsaya aka zuba. Sodangi ya ce na sama dankali ne, wa ya san na ƙasa? Alhaji ya tuna masa cewa shi da kansa ya ce ba za a taɓa motar ba. Sodangi ya ce waccan taɓawar hukuma ake nufi, wannan taɓawar gida ce. Aka kira 'yan dako. Aka sauke, aka farke ɗinki, aka zazzage dankali a ƙasa tsibi-tsibi, Sodangi na bi yana tona da sanda kamar mai neman zobe. Awakin tasha suka samu labari suka zo da iyalansu. Aka kore su ta gabas suka dawo ta yamma. Taki dai ko ƙwaya ba a gani ba, abin da Sodangi ya ce shi ne amfanin bincike. Aka sake durawa, aka ɗinke, yana bin kowane buhu yana danna masa hatimi da ƙarfi har da nishi. Aka yi azahar ana lodi na biyu. Dawuda ya zauna kan taya yana cin ɗanyen dankali.

Ana cikin ɗaure igiya, Sodangi na bisa tebur da lasifika yana ba kasuwa labarin yadda ya taɓa gane hodar bindiga a cikin garin rogo da wari kawai, sai ga a-kori-kura ta tsaya a bayansa. Aka sauko da manyan buhuna, ɗaurarru tam, wani ruwa-ruwa na tsatsafowa daga gindin wasu, ƙudaje na biye da su kamar 'yan rakiya. Daga gaban motar wata tsohuwa ta fito tana gyara mayafi. Hajiya Karima ce ta Mawashi, can wajen Kusada, uwar Murja.

Maganar Sodangi ta yanke a tsakiyar kalma. Ya sauko daga tebur ba wanda ya ga yadda aka yi, ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa. Tun da ya auri Murja bai taɓa duban fuskar matar nan ba, bai taɓa cin abinci inda take ba, sunanta kuwa bai taɓa fita bakinsa ba, har wata ɗiyar maƙwabta mai irin sunan sai dai ya ce mata mai sunan manya. A cikin duk abin da Sodangi ke taƙama da shi, wannan kaɗai ne gaskiya: ba a taɓa kama shi da rashin kunyar surukai ba.

Ya gaishe ta da muryar da ba a san yana da ita ba. Ita ma ta kau da kai ta amsa wa iska. Sannan ta kira Dawuda, ta yi magana da shi, ko da yake tsakaninta da surukin bai fi tsawon tabarma ba.

“Ka ce mashi ɗan sallahu ne za a kai ma ƙanena a Maraɗi. Na ji an ce shi ne babba nan wurin.”

Dawuda ya juyo ya maimaita, yana ƙara wa kalmar babba gishiri. Ya kuma tambaya, da fuskar salihai, ko a kwance buhunan a zazzage kamar na Kunduru.

Warin ya riga ya iso hancin Sodangi, hancin da yaji ya buɗe tun da safe. Ba ya bukatar bita ya san abin da ke ciki. Marigayi surukinsa fataucin fata ya yi, kuma tsohuwar ba ta bar sana'ar ba, mahautan ƙauyuka na tara mata tana barbaɗa gishiri. Buhunan da ba sa tsatsafa kuwa, yadda suka zauna da yadda suka yi ƙara da aka dire su, ko makaho ya san masara ce. Ya buɗe baki. Prosper ya fito ƙofar shago, Hawwa'u ta gyara zama. To me zai ce? Ya sa a kwance kayan surukarsa a tsakiyar tasha, a baje su, ya tona da sanda? Ya ce mata ta kwashe ta koma Mawashi? Gobe da wace fuska zai bi ta ƙofar gidan?

Ya miƙa hannu baya, Dawuda ya sa masa hatimi. Yana durƙushe, kansa na kallon wani gefen, ya riƙa lalube yana bugawa. Ɗaya ya sauka a buhu, ɗaya a igiya, ɗaya a ƙafar ɗan dako. Aka ɗora kayan can sama, aka ja tamfol. Hajiya Karima ta ce wa Dawuda ya ce Allah ya yi albarka, ta je inuwar shagon Prosper aka ba ta kujera, ta ce sai ta ga tashin mota.

Da a nan aka tsaya, da wataƙila Dawuda ya san yadda ya yi da su a hanya, don direban boda ba ya rasa dabara. Ya ma riga ya tada inji. Amma Sodangi ya miƙe yana jin idon mutane a bayansa, yana jin Prosper na tambayar Hawwa'u ko fata ma tana da amfani biyu. Girman da ya zube yana son a kwashe shi yanzu-yanzu. Sai ga farar motar sintiri ta kwastan ta taho daga wajen Kano, tana tafiyarta, ba ruwanta da kowa. Wani abu ya raya wa Sodangi cewa in jama'a suka ga manyan hukuma na gaisawa da shi, an gama magana. A ransa za su sassauta ne, ya sara musu, su ɗaga hannu, su wuce. Ya faɗa titi da lasifika yana kiran abokan aiki su tsaya su ga yadda ake aiki.

Suka tsaya. Suka kuma kashe mota.

Wadda ta fito mace ce, doguwa, da kaki mai guga, sunanta Bernice a rubuce a ƙirji. Sodangi ya tattaro ɗan Turancinsa zai fara, ta gaishe shi da Hausar da ta fi tasa daɗi, ta ce a barikin Katsina aka haife ta. Ta tambayi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, mota ce za ta Maraɗi, shi ya tantance ta da kansa, ya ga bai kamata su wuce ba su ƙaru ba. Ya ja ta wurin tsibin haramtattu yana nunawa da sanda: ga ƙarafa, ga kayan tarihi, ga makami, namun dajin kuma an mayar da su daji.

Ta ɗaga tukunya ta duba, ta shinshina man shanu, ta karanta fuskar dattijo mai yaji. Ta ce duk waɗannan su hau mota, ba abin da ya hana su. Ta tambayi Hawwa'u ko ana samun irin man nan na sayarwa. Sodangi ya ce wato sabuwar doka ce ta fito bayan bita. Ta ce a'a, tsohuwar ce.

Tana juyawa za ta koma mota, iska ta kaɗo daga wajen tamfol. Ta tsaya. Ta bi ƙudaje da ido har sama, ta ce wa mutanenta su sauko mata da na saman nan. Aka dire buhu, aka yanke igiya. Fatun awaki da na tumaki suka zubo, ɗanyu, da gishiri da gashi. Aka soki na kusa da shi, masara ta tsiyayo fara tas. A jikin kowanne ga shuɗin tawada, AN TANTANCE, ga suna.

Ta karanta a hankali, ta ce, “Wane ne Sodangi?”

Mutum fiye da ashirin suka taimaka mata da yatsa.

Ta ce to hatimi ta gani, saura mai kaya, don shi za su tafi da shi ofis ya yi bayani. Na wane ne?

Duk wanda ke tashar nan ya san na wane ne. Mai su na zaune a inuwa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana kallon wata akuya kamar ba ta taɓa ganin irinta ba. Dawuda ya sunkuya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Alhaji Ummaru ya dogara sanda ya taso, ya ce wa Sodangi ya faɗi mai kaya a sallami dankalin mutane, ai ba kashe ta za a yi ba. Sodangi ya ce na wata ce. Jami'ar ta ce wata wa? Ya ce wata baiwar Allah. Ta ce duk bayin Allah ne a nan, suna take so. Ya ce ta wajen Kusada ce. Ta ciro biro da littafi ta ce Kusada da faɗi.

Gumi ya jiƙa igiyar katin. Ya dubi shagonsa mai shuɗin fenti, ya dubi makullin da ke rataye a ƙugunsa. Suna guda ne tsakaninsa da su, gajere, ko yaro ya iya faɗa. Jami'ar kuwa, wadda ta girma a cikin Hausawa, ta riga ta lura da takalman da ke ajiye gefe da kuma ɓangaren da mutumin ya ƙi juyawa ya kalla. Ta dai ci gaba da jira, biro a sama.

Sodangi ya ce, “Nawa ne.”

Ta ce bai fito ba, ga lasifika a hannunsa.

Haka kasuwar Kankiya, da masu jiran motar Kano, da zabin da ke kan rufin masallaci, suka ji mai tantance kaya ya sanar da cewa ɗanyar fata da masarar da aka kama nasa ne, shi ya ɗora, shi ya buga hatimi. Prosper ya ce shi dai tukwanensa sababbi ne, a rubuta wannan ma.

Jami'ar ta ce tunda hatimin nan ya ce lafiya a kan ɗanyar fata, duk buhun da ke ɗauke da shi sai an buɗe an gani. A sauke dankali. 'Yan dako suka dubi juna, suka tuɓe riguna karo na uku. Awaki, da ba su yi nisa ba, suka dawo. Alhaji Ummaru bai yi faɗa ba. Ya miƙa tafin hannu kawai ya bar shi a buɗe, har sai da Sodangi ya kwance makulli daga ƙugu ya ɗora a kai. Wani ɗan kamasho daga can baya ya rera Katsina-Katsina, saura mutum ɗaya, ya ce a riƙe wa Sodangi wurin kafin ya dawo.

Aka loda fatu da masara a bayan motar sintiri, aka ce mai kaya ya hau. Wurin zama babu sai kan fatun. Ya hau ya takure, ƙudaje suka karɓe shi hannu biyu. Direba ya tada mota. Sai Hajiya Karima ta taso daga inuwa, ta tako har gindin motar, ta tsaya daidai kusa da jami'ar, ta juya wa surukinta baya yadda ya kamata, ta kira Dawuda.

“Ka ce mashi na yaba, ɗan halak ne, ɗiyata ba ta yi asarar miji ba. Ka ce mashi kuma kada shi damu da wanga, akwai saura a gida, har da na jakkai. In mota ta gaba ta tashi sai in aiko mashi.”

Dawuda ya juyo ya isar da saƙon kalma-kalma, da ƙarfi, don kada ƙarar inji ta ci wani abu. Jami'ar ta sake buɗe littafinta. Sodangi ya gyara durƙuso a kan fatun, ya sunkuyar da kai, ya kafa ido a kan ƙafafunsa marasa takalmi.

Ya ce, “Dawuda, ka ce mata to.”